Nakiyoyin Da Aka Binne: A Fara Da Taswira Kafin A Sayo Na'ura

A ƙarshen watan Afrilun 2025 mutum 26 suka rasu a kan hanyar Rann zuwa Gamborun Ngala, bayan motar da suke ciki ta taka nakiyar da aka binne a hanya. Makonni biyu kafin nan an yi irin wannan rashi tsakanin Dambuwa da Maiduguri. A watan Disambar 2024 kuwa, a hanyar Ɗansadau ta jihar Zamfara aka ji ƙarar fashewar, yankin da a da bai san wannan bala'i ba. Duk sanda haka ta faru, kiran da ke biyo baya ɗaya ne: gwamnati ta sayo na'urorin zamani, ta kawo jirage marasa matuƙa, ta nemo motocin da ke tone bam da kansu. Zafin rashi ne ke sa a yi wannan kira, kuma babu mai ganin laifin masu yin sa. Amma shekaru masu yawa da aka shafe ana kwashe nakiyoyi a Kambodiya da Mozambik da Angola sun nuna cewa fasahar da ta fi ceton rai ita ce wadda ke nuna inda ya kamata a tona da inda babu buƙatar tono sam. Ƙasar da ta fara da sayen ƙarfe kafin ta tara bayani za ta kashe maƙudan kuɗi, gonakinta kuma su ci gaba da zama a rufe.

Don a fahimci dalili, sai an dubi yadda ake aikin. Na'urar gano ƙarfe da mai neman nakiya ke riƙewa, wani hafsan sojan Polan ne ya ƙera irinta ta farko a 1941, aka yi amfani da ita a yaƙin El Alamein a Masar a 1942, kuma har yau akwai nakiyoyin wancan yaƙi a hamadar Masar. An inganta na'urar ƙwarai tun daga lokacin, amma tsarin aikin bai sauya sosai ba. Ma'aikaci zai shata layi mai faɗin mita ɗaya, ya yanke ciyawa a hankali, ya shafa na'ura a kan ƙasa. Idan ta yi ƙara sai ya durƙusa ya fara tono daga gefe, kaɗan-kaɗan, yana ɗaukar duk abin da ke ƙasan a matsayin wanda zai iya kashe shi. Matsalar ita ce filin da aka yi yaƙi cike yake da tarkace: kwanson harsashi, ƙusa, gwangwani, guntun waya. Alƙaluman hukumar kwashe nakiyoyi ta Kambodiya na shekarun 1992 zuwa 1998 sun nuna cewa cikin abubuwa kusan miliyan 200 da ma'aikata suka tono, kimanin dubu 500 ne kawai nakiya ko wani abin fashewa. Wato a kowane tono 400, ɗaya ne ke da amfani. Nakiyoyin zamani da yawa kuma na roba ne, ƙarfen da ke cikinsu ɗan mitsitsi ne, don haka dole a ƙara wa na'urar ƙarfin ji, ita kuma sai ta riƙa ƙara a kan kowane tsatsa, har da jar ƙasa mai marmara irin wadda ta cika ƙasashenmu. Shi ya sa aka daɗe ana ƙiyasta cewa nakiyar da aka ƙera da dala 3 tana cin dala 300 zuwa 1,000 kafin a cire ta. Lokacin ma'aikaci a wuri biyu yake salwanta: tonon tarkace, da binciken filin da tun asali babu komai a cikinsa.

Duk ƙirƙirar da ta yi tasiri a wannan fage, ɗaya daga cikin waɗannan asara biyu ta taɓa. Don rage tonon banza, an haɗa na'urar gano ƙarfe da wata mai aika sigina cikin ƙasa ta dawo da siffar abin da ke binne, ta yadda ma'aikaci zai bambance ƙusa da wani abu mai faɗi kamar nakiya. Ƙungiyar HALO Trust ta fara aiki da ƙirar Amurka a Kambodiya tun 2006, Jami'ar Tohoku ta Japan kuma ta fito da tata mai suna ALIS, wadda a 2023 'yan Kambodiya da kansu suka koya wa ma'aikatan Yukren amfani da ita. Sai kuma gafiya. Ƙungiyar APOPO ta Beljiyam, mai cibiyar horarwa a Morogoro ta Tanzaniya, tana koya wa wannan dabba da yaran karkara ke farauta ta shaƙi warin sinadarin TNT. Ba ruwanta da ƙarfe, kuma nauyinta bai kai ya tayar da nakiya ba. Wata mai suna Magawa ta gano nakiyoyi 71 da wasu abubuwan fashewa 38 a Kambodiya kafin ta mutu a farkon 2022. Labarin yana da daɗin ji, shi ya sa jaridu ke son sa, amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne sai an share mata ciyawa tukuna, da sassafe kawai take aiki saboda zafi, kuma idan ta nuna wuri, ɗan'adam ne zai durƙusa ya tona.

Asara ta biyu ta fi girma nesa ba kusa ba. Filin da ake tsoro kullum ya ninninka filin da aka binne wa nakiya. Saniya ɗaya ta taka nakiya a bakin wani daji, sai a ƙaurace wa dajin gaba ɗaya, da gonakin da ke kewaye da shi, da burtalin da ya ratsa ta cikinsa. A farkon shekarun 1990 masu aikin sukan bi duk filin da aka ce ana zargi, taku bayan taku, su shafe watanni su fito hannu rabbana. Daga baya aka koma tsari mai hawa uku. Da farko a yi bincike ba tare da an taɓa ƙasa ba: a tambayi mutanen gari, a duba bayanan sojoji da na asibiti, a duba hotunan sama, a soke zargi daga inda babu hujja. Sannan a shiga sauran filin da karnuka ko injina ko na'ura a gano ainihin iyakar haɗarin. Ɗan abin da ya rage shi ake bi da hannu. A Yukren, bayan mamayar Rasha ta 2022, an ƙiyasta cewa murabba'in kilomita 174,000 na iya ƙunsar nakiyoyi, fiye da ninki biyu na faɗin jihar Borno. Zuwa ƙarshen 2024 adadin ya sauko zuwa kusan 139,000. Filin da aka sake buɗewa ya fi jihar Kano girma, kuma akasarinsa ta hanyar bincike aka same shi. Babu rundunar masu tono a duniya da za ta iya bin wannan fili da hannu cikin shekara biyu.

A nan ne jirgi maras matuƙi ke da gurbinsa na gaskiya, kuma ba sai an je Turai ba kafin a ga misali. Arewacin Chadi na fama da nakiyoyin da aka binne tun yaƙin da aka yi da Libiya, musamman kewayen sansanin Wadi Dum da dakarun Chadi suka ƙwace a 1987. Daga 2018 ƙungiyar Humanity & Inclusion ta gwada ƙananan jirage a yankin Faya-Largeau. Hotunan da suka ɗauko sun nuna ramukan da fashewa ta bari, da ƙasusuwan raƙuma, da ƙonannun motoci, alamomin da ke gaya wa ƙwararre inda layin nakiyoyi ya bi ba tare da kowa ya jefa ƙafarsa cikin haɗari ba. Daga baya suka yi nasarar hango nakiyoyin da ke cikin yashi da kyamarar da ke auna zafi, domin ƙasar da ke saman nakiya ba ta hucewa daidai da ta gefenta. Nasara ce babba, amma a busasshen yashin da babu ciyawa aka same ta. A Yukren ma ana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tace dubban hotuna don gano ƙananan nakiyoyin da ake watsawa a saman ƙasa, aikin da zai gajiyar da idon mutum cikin awa ɗaya. Abin da ke binne ƙarƙashin ciyawa ko laka kuwa ya fi ƙarfin kyamara. Jirgin ido ne na mai zana taswira, kuma babu hukumar da ta san aikinta da za ta miƙa wa manomi gona bisa hujjar hoton sama kaɗai.

Halin da yankin Tafkin Chadi ke ciki ya ƙara wa wannan batu nauyi. Abin da Boko Haram da ISWAP ke binnewa a Borno da Yobe da Adamawa, da Diffa a Nijar, da arewa mai nisa ta Kamaru, galibi haɗin gida ne: jarka ko tukunya da aka cusa wa abin fashewa, da batir, da ɗan faranti da ke haɗa wuta idan an taka. Babu tsari irin na soja, babu taswirar da mai binnewa ya ajiye, kuma ƙirar tana sauyawa duk sanda aka gano ta. Gafiyar da aka horar a kan TNT ba lallai ta ji warin haɗin takin zamani ba, kyamarar da ta yi aiki a Faya kuma ba za ta ga ƙasan bishiyoyin Sambisa ba, balle fadamun tafki da damina. Rahoton Landmine Monitor ya ƙirga mutum 5,757 da nakiyoyi da ragowar makaman yaƙi suka kashe ko suka raunata a duniya a 2023, kashi 84 cikin 100 fararen hula, kuma nakiyoyin haɗin gida ne suka fi kowane nau'i ɓarna. A irin wannan yanayi, wanda ya fi kowa sanin inda haɗari yake shi ne manomin da ya ga sabuwar ƙasa a hanyar gonarsa, da makiyayin da ya rasa dabba, da direban da ya san kwanar da ake kauce wa, da maharba da 'yan kato-da-gora, da Bulaman da ake kai wa kowane labari. Fasahar da ake buƙata da gaggawa ita ce wadda za ta kwashe wannan sani daga kawunan mutane ta zuba shi wuri ɗaya: layin waya na kyauta da ake amsawa da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa da Fulatanci, ma'aikatan bincike masu wayar da ke ɗaukar lambar wuri ta tauraron ɗan'adam, da rumbun bayanai guda da soja da ɗan sanda da asibiti da ƙungiyar agaji duk ke zubawa a ciki suna kuma ɗiba. Manhajar yin wannan ma akwai ta, wata cibiya a Janeba ta daɗe da samar da ita kuma ƙasashe da dama na aiki da ita. Sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi yana Maiduguri tun 2018. Tun 2021 gwamnatin Borno ke rufe sansanonin 'yan gudun hijira tana mayar da mutane garuruwansu, kuma wanda ya koma gida ba shi da abinci dole ya nausa daji neman gona ko itace ko ƙarafan gwangwan, sana'ar da gwamnatin jihar ta haramta a 2023 saboda rayukan da take ci. Kowace tawagar da za a mayar gida ta cancanci a riga ta isa da taswira.

Akwai masu sukar wannan ra'ayi da ke cewa ran ma'aikaci ya fi komai, don haka a tura inji ya mutu a madadin mutum. Gaskiya ne injinan da ake sarrafawa daga nesa, masu dukan ƙasa da sarƙoƙi irin waɗanda Kuroshiya ke ƙerawa, suna rage haɗari kuma suna da sauri a shimfiɗaɗɗen fili, kuma sojojin da ke buɗe hanyoyi suna buƙatar motoci masu sulke da na'urorin da ke gaba da su. Amma inji yakan tsallake nakiya, yakan wurga wata gefe ba ta fashe ba, saboda haka sai an bi bayansa da mutum ko kare. Kuma duk wanda ya ga injin niƙan da aka kai ƙauyen da babu makaniki ya san ƙarshen na'urar da sai an yi wata shida ana jiran kayan gyaranta daga Turai. Mafi muni, tsoron bam kasuwa ce ga 'yan damfara. Wani ɗan kasuwar Birtaniya, James McCormick, ya sayar wa ƙasashe wata na'ura mai suna ADE 651 da ya ce tana gano bam daga nesa. A cikinta babu komai. Asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf da bai wuce dala 20 ba, shi kuma yana sayar da guda har dala dubu 40. Iraƙi ta kashe miliyoyin daloli a kanta, Nijar ma tana cikin waɗanda suka saya. Kotu ta ɗaure shi shekara 10 a 2013, amma sai a 2016, bayan mummunan harin unguwar Karrada a Bagadaza, aka ba da umarnin janye ta daga shingayen bincike na Iraƙi. Darasin a fili yake: duk na'urar da za a saya da kuɗin jama'a, a gwada ta a ƙasarmu da rana da damina, a hannun waɗanda ba su da kaso a kwangilar, a kuma buga sakamakon kowa ya gani.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba ta wasa ba ce. Idan aka soke zargi daga wani fili saboda mutanen gari sun ce suna noma shi shekara uku ba abin da ya faru, sannan wata rana yaro ya taka nakiya a wurin, wa ya kashe shi? Ashe ba caca ake yi da ran talaka don a rage kashe kuɗi ba? Haɗarin gaskiya ne, kuma babu tsarin da zai kawar da shi baki ɗaya. Sai dai masu wannan suka suna lissafi kamar filin da aka rufe zai zauna a rufe, alhali yunwa ba ta karanta allon gargaɗi. Idan an ce wa gari duk dajinsu haram ne har sai an gama tono nan da shekara 20, za su shiga ne kawai, ba jagora, ba alama. Idan kuwa aka buɗe musu kashi tara cikin goma bisa hujja, aka kewaye ɗayan da jan fenti, aka tattara ma'aikata a kansa, akwai dalilin da zai sa su girmama alamar. Abin da ya kamata a dage a kai shi ne sharuɗɗa: a rubuta hujjar kowace sokewa, a ji ta bakin mata da makiyaya da baƙi, kada a tsaya ga manyan gari kaɗai, wata hukuma dabam ta sake duba aikin, kuma doka ta fayyace cewa idan aka yi kuskure gwamnati ce ke ɗauke da alhakin diyya da jinya. Mozambik, wadda aka taɓa cewa aikinta zai ci gomman shekaru masu yawa, ta bayyana kammala share duk filayen nakiyoyin da aka sani a 2015, kuma sake bincike da rage filayen zargi na cikin abin da ya kai ta can.

Suka ta uku daga ɓangaren tsaro take fitowa: yaƙi bai ƙare ba, wanda aka tone yau za a binne wani gobe, kuma tunda 'yan ta'adda su ma sun fara amfani da jirage marasa matuƙa, ba za a bar farar hula na shawagi da su ko yawo da taswira ba. Damuwar tana da tushe, kuma babu mai hankalin da zai tura ma'aikatan agaji cikin tsibiran tafki a yau. To amma ba duk arewa maso gabas ce fagen daga ba. Akwai garuruwan da suka shekara da shekaru a hannun gwamnati, kuma a can ma aikin kwance bam ya tsaya ne a hannun sojoji da 'yan sandan sashen bama-bamai, ƙungiyoyin da suka ƙware kuma an fi barin su da wayar da kai. Soja hanya yake buɗewa don ayari ya wuce. Share gona har a miƙa ta ga mai ita da takardar shaida wani aiki ne dabam mai ƙa'idojinsa. A Afganistan an fara aikin tun ƙarshen shekarun 1980 ana tsakiyar rikici. A Kolombiya sojojin gwamnati da 'yan tawayen FARC sun fara share nakiyoyi tare a wani ƙauye a 2015, kafin a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2016. Nijeriya kuma ta shiga yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane tun 2001, wadda ta shafi na haɗin gida muddin taku ne ke tayar da su, kuma a 2021 an ƙara mata wa'adi zuwa ƙarshen 2025 don ta gano girman matsalar. Jinkiri yana da tsada ta musamman a wannan aiki, domin shaidu suna mutuwa, suna ƙaura, suna mantuwa, ciyawa kuma tana rufe alama. Yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare a 1970, amma sai a 2017, a gaban kotun ECOWAS, gwamnatin tarayya ta amince ta biya naira biliyan 88 na diyya da kwashe ragowar bama-baman da ya bari. Shekara 47 ke nan.

Kada kuma a zauna jiran baƙi. A 2023 Yukren ita kaɗai ta samu fiye da sulusin tallafin da ƙasashe suka bayar don wannan aiki a duniya. A farkon 2025 Amurka, wadda ta fi kowa ba da kuɗin, ta dakatar da tallafinta na ƙetare, ayyukan share nakiyoyi suka tsaya cak a ƙasashe da dama. A shekarar ce kuma Polan da Finlan da Lituweniya da Latbiya da Estoniya suka sanar da ficewa daga yarjejeniyar Ottawa saboda tsoron Rasha. Hankalin masu kuɗi yana wani wuri, kuma wannan ma dalili ne na zaɓar abin da aljihunmu zai iya ɗauka shekara da shekaru. Ma'aikatan bincike ɗari da wayoyinsu da baburansu ba su kai kuɗin manyan injina kaɗan ba. A Angola an horar da mata 'yan karkara sun zama ƙwararrun masu tono, suna karɓar albashi suna share gonakin iyayensu. Babu abin da zai hana matasan Bama da Gwoza da Dikwa yin haka, kuma Jami'ar Maiduguri na iya zama wurin gwada na'urori da horar da masu karanta hotunan sama. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da gwamnatocin jihohin Borno da Yobe da Adamawa su ware wa binciken filaye kaso bayyananne a kasafinsu, rundunar soja ta buɗe wa ƙwararrun farar hula ƙofa a garuruwan da suka lafa, 'yan majalisar da ke wakiltar yankin kuma su daina amincewa da kuɗin sayen kowace na'ura sai an ajiye musu taswirar filayen da za ta yi aiki a kai. Kada a sake mayar da mutanen wani gari gida sai an binciki gonakinsu da hanyoyin ɗibar ruwansu an sa musu alama.